Ga masu cewa "gara soja"

'Yan uwana matasan Kebbi, tun da sojoji suka hamɓarar da Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 nake jin wata magana a teburin mai shayi, daga Birnin Kebbi har Kamba: wai mu ma gara soja ya karɓa. Na san ciwon da ke sa a faɗi haka. Tsadar abinci ce, da 'yan bindiga, da ɗan siyasar da ba a ganin ƙeyarsa sai zaɓe ya zagayo. Amma da yawanku bayan 1999 aka haife ku, ba ku taɓa kwana ƙarƙashin dokar soja ba.

Abin da ke burge ku tsawa ce, a ce yi, a yi. To ku tambayi duk wanda ya shiga Depot, wurin horar da kuratan soja a Zariya. Wata da watanni yake yi ana juya shi cikin rana da ruwa, yana koyon bi, kafin a bar shi ya ce wa wani tashi. Hafsa nagari kuwa ba ya kai loma sai yaransa sun ci. Sannan umarninsa doka ce ke tsaye bayansa, wanda ya ƙi akwai gadurum, akwai kotun soja. Kai da aka zaɓa shugaban ƙungiyar matasan unguwa, wa za ka kulle?

Bara, gab da damina, muka kira gayya don yashe kwatar unguwarmu. Shugabanmu ya zo cikin farar shadda, ya tsaya kan dakali yana nuni da makullin babur: ku shiga nan, ku kwashe can. Kowa ya yi kamar ba da shi ake ba. Wallahi har ni. Can sai ga wani dattijo, tsohon saje mutumin ƙasar Zuru, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando har gwiwa, ya karɓi shebur ya faɗa cikin baƙin ruwan nan. Bai ce da kowa uffan ba. Na matsa na ce, "Baba, don Allah ka fito, mu za mu yi." Ya ce, "Ɗana, kawo baro kawai." Kunya ta kama mu duka. Kafin azahar ruwa ya samu hanya.

Ku dubi sarakunanmu ma. Mai Martaba Sarkin Gwandu Muhammadu Iliyasu Bashar Manjo Janar ne mai ritaya, ya yi gwamnan soja a tsohuwar jihar Gongola. Marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami shi ma Manjo Janar ne, ya riƙe Bauchi a 1984. Sun san ba da oda fiye da kowa a cikinmu. Amma rawani aikinsa daban: a zauna a saurari manomi da makiyayi kan ɓarnar gona, a lallashi wannan, a ba wancan haƙuri, har a tashi da sulhu. Wannan ya fi fareti wuya, don talaka yana da bakin cewa bai yarda ba.

Asabar mai zuwa akwai yasar kwatar bakin kasuwa bayan sallar asuba. Duk mai riƙe da muƙami a ƙungiya ya bar shaddarsa a gida, ya taho da shebur.