Quest 3 ko PSVR2? Ga abin da na gani da idona

Jama'a tun da na ɗora bidiyon nan ina kaɗa takobi a tsakar falo saƙonni suka cika min waya, kowa tambayarsa ɗaya, wane gilashin VR, wato wanda ake sawa a fuska ka ji kamar kana cikin gem ɗin, zai saya in gem ɗin tatsuniya yake so, irin na takubba da tsafi da dodanni wanda kai ne jarumin kana yawo kana ƙara ƙarfi. To bari in amsa gaba ɗaya. Ni Quest 3 na kamfanin Meta nake amfani da shi, akwai abokina a Barnawa nan Kaduna mai PSVR2 na Sony da nakan je wajensa ranar Asabar, don haka duka biyun na sa su a fuskata ba labari aka ba ni ba.

Gaskiya dai in maganar kyan hoto ce a wuri mai duhu PSVR2 ya yi gaba. Sikirin ɗinsa OLED ne, baƙi baƙi ne ƙirin, ranar da na fara buga Horizon Call of the Mountain a kansa ina hawa dutse na leƙa ƙasa sai da gwiwata ta yi sanyi, kuma shi kansa gilashin yana girgiza a goshinka in wani ƙaton abu ya wuce. Amma fa da ya fito a Fabrairun 2023 a kan dala 549 sai da PS5, wato na'urar gem ta PlayStation 5, yake aiki, ga waya maƙale a bayanka, kuma abin da ya fi ɓata min rai shi ne gem ɗin tsohon PSVR, wato gilashin Sony na farko, ba sa hawa kansa. Ma'ana Skyrim VR da ya fito a PlayStation tun 2017, wanda shi ne uban tafiya a wannan harkar, ba za ka buga shi a PS5 da PSVR2 ba. A 2024 Sony sun fito da adafta ta haɗa shi da kwamfuta, sai dai in ka haɗa girgizar nan ta tafi, bin ƙwayar ido da gilashin ke yi don sanin inda kake kallo ma babu.

Sannan mu yi magana ta Allah, a Kaduna muke. Gem irin wannan ba ƙwallo ba ne da za ka buga minti goma ka tashi, zama ake yi. Sau biyu muna tsakiyar faɗa a Barnawa aka ɗauke wuta, duhu kawai na gani, kafin a tayar da janareta duk shauƙin ya tafi. Quest kuwa komai nasa a jikinsa yake, batirinsa na ɗaukar wajen awa 2, ni kuma sai in jefa pawa bank a aljihun wando in ja waya ta cikin riga in ci gaba, ko akwai wuta ko babu.

Abin da mutane ba sa lura da shi kuma shi ne karatu. Rabin rayuwarka a irin gem ɗin nan kana buɗe jaka ne kana duba wane takobi ya fi wani, kana karanta taswira da maganar mutanen gari. Gilasan idon da ke cikin Quest 3 irin sababbin nan ne siraran, rubutu tar yake har gefe, ido kawai za ka juya. A Quest 2 da na fara da shi, da Quest 3S da ya fito a 2024 a kan dala 299 wanda gilasan ido iri ɗaya ne da na 2, tsakiya ce kawai take fita sosai, sai ka yi ta juya wuya kamar ƙadangare, bayan awa ɗaya ido ya yi ja. Ƙarfin injin 3S ɗaya ne da na 3, ba na raina shi wallahi, wanda kuɗinsa bai kai ba ya ɗauka zai ji daɗi, amma ƙarin da ke kan Quest 3 ɗin lafiyar idonka ka saya.

Gem ɗin da ya sa na tsaya a nan shi ne Asgard's Wrath 2, ya fito Disambar 2023 kuma a Quest kaɗai yake. Hamadar tsohuwar Masar, kana bin sawun Loki, mayaudarin ubangidan nan na tatsuniyar mutanen arewacin Turai, ka jefa gatari ya dawo hannunka, wani lokaci ka zama ƙato kana kallon jarumin naka ɗan mitsitsi a ƙasa kana matsar masa da duwatsu, labarinsa kaɗai ya kai awa 60. Girmansa ya haura giga 30, ni datar dare na saya na bar shi ya kwana yana sauka. Akwai kuma Blade & Sorcery: Nomad in sara da suka kawai kake so.

Skyrim fa? Shi sai kwamfuta mai ƙarfi, ka haɗa Quest da ita ta waya ko ta Wi-Fi, ka zuba masa gyare-gyaren nan da 'yan wasa ke ƙirƙira, a nan ne za ka ɗana kibiya da hannunka ka ga dodo ya sauko kan ƙauye yana feshin wuta. Babu abin da ya kai shi a wurina, amma kwamfutar da za ta ja shi ta fi gilashin tsada, kuma ka koma hannun wuta sai in kana da sola mai ƙarfi. Valve Index, wani gilashin da sai da kwamfuta, kuwa kar ma ka fara, a kan dala 999 ya fito a 2019 ga na'urori da za ka kafa a bangon ɗaki.

Duk wanda ka saya dan Allah ka kula da fankar sama, ƙanina ya ɗaga hannu zai sari dodo ta fasa masa yatsa sai da aka ɗaure. Kar ka bar rana ta haska cikin gilasan, tana ƙona sikirin, kuma lokacin hunturu ka rufe shi a akwatinsa saboda ƙura. Satin farko in ka ji jiri ko tashin zuciya cire shi nan take ka sha iska, gobe ka ƙara minti kaɗan. Mai son gwadawa kafin ya kashe kuɗinsa ya min magana, ina Unguwar Rimi, bayan La'asar na fi samun lokaci.