Nasiha ga Matasan Masana Sinadarai: Kada Ku Share Sakamakon da Ya Saɓa Muku

'Yan'uwana matasa masu nazarin sinadarai, musamman waɗanda suka rungumi fannin ƙarafa da yadda suke hanzarta haɗuwar sinadarai (abin da ke yin wannan aikin shi ake kira katalis), akwai wata ɗabi'a da take yaɗuwa a tsakaninmu wadda take damuna ƙwarai. Mun mayar da darajar mai bincike ta zama yawan takardun da ya wallafa da yawan waɗanda suka ambace shi, har ta kai idan gwaji ya ba da abin da ba a zata ba, sai a wanke kwalba a sake, ba tare da an rubuta komai a littafin aiki ba, saboda ana gaggawar aika takarda mujalla. Don Allah ku yi hattara da wannan, domin sau da yawa a cikin abin da aka zubar ɗin ne alherin yake.

Ku dubi abin da ya faru a cibiyar binciken Max Planck da ke Mulheim a ƙasar Jamus, inda Karl Ziegler yake jagoranci. A wajajen 1952 zuwa 1953, suna haɗa iskar etilin da wani sinadarin alminiyom domin ƙwayoyin etilin su haɗu su zama dogayen sarƙoƙi, sai wata rana ɗalibinsa Erhard Holzkamp ya tarar da sarƙar ta tsinke tun daga farko, kusan komai ya koma butin, wato gajeren sinadari mai ƙwayoyin etilin biyu kacal. Da wani ne, da ya ce gwajin ya lalace ya wuce. Su kuwa suka tsaya bin diddigi har suka gano cewa ɗan ɓurɓushin nikel ne da ya saura a jikin tukunyar ƙarfen da suke aiki da ita. Daga nan tunani ya zo musu cewa, idan ƙarfe ɗaya yana tsinke sarƙa, wataƙila wani yana tsawaita ta, sai suka bi ƙarafa ɗaya bayan ɗaya har suka isa ga zirkoniyom, sannan titaniyom, wanda ya ba su robar folietilin a matsin iska na yau da kullum, alhali kafin nan sai da matsin da ya haura ninki 1,000 na wannan ake samunta. Giulio Natta ya ɗora a kan wannan a Milan a 1954, kuma shi da Ziegler suka karɓi lambar Nobel a 1963. Duk wannan daga gwajin da ya ƙi ne.

Haƙuri ma yana da nasa rabon. Fritz Haber ya nuna yadda ake haɗa amoniya, sinadarin da ake yin takin zamani da shi, a 1909, amma katalis ɗinsa ƙarfen osmiyom ne mai tsada da wuyar samu. Alwin Mittasch na kamfanin BASF ne ya yi dubban gwaje-gwaje kafin ya tsaya a kan baƙin ƙarfe da aka gauraya da 'yan sinadarai masu ƙara masa kuzari, kuma da wannan katalis ɗin masana'antar amoniya ta Oppau a Jamus ta fara aiki a 1913. Bai samu Nobel ba, sunansa ma kaɗan ne suka sani, amma takin zamanin da ke ciyar da biliyoyin mutane a kan aikinsa ya dogara har yau. A ganina, wannan shi ne tasirin da ya cancanci a yi kwaɗayinsa.

Ɓurɓushin ƙarfe kuma yana iya yaudarar mutum. A 2003 wasu masu bincike sun ba da rahoton cewa sun gudanar da haɗin Suzuki, wata hanyar haɗa sinadarai da aka saba yi da ƙarfen faladiyom a matsayin katalis, ba tare da faladiyom ɗin ba, sai a 2005 su da kansu suka sake dubawa suka bayyana cewa akwai faladiyom ɗan mitsitsi ɓoye a cikin sodiyom kabonet ɗin da suka yi amfani da shi. Na girmama su a kan wannan gyara fiye da rahoton farko.

Saboda haka, kafin ɗayanku ya ce ya gano sabon katalis, ya gudanar da gwajin babu katalis ɗin ya ga ko zai tafi, ya sauya kwalba da ɗan maganaɗisun da ke juya ruwan cikinta da sababbi, ya gwada sinadari daga wani kamfanin daban, sannan ya rubuta lambar kowace kwalba da ranar da aka buɗe ta.