Shari'ar 1964 ta cancanci a ambace ta

Na karanta wani rahoto kan hukunce-hukuncen kotu game da 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma na ji daɗin yadda aka kawo shari'ar 1971, lokacin da alƙalai shida cikin tara na Kotun Ƙolin Amurka suka hana gwamnatin Nixon dakatar da jaridun New York Times da Washington Post daga buga bayanan sirri kan yaƙin Vietnam.

Sai dai a ganina shari'ar 1964 ta fi ta nauyi. Wani kwamishina a birnin Montgomery na jihar Alabama, L. B. Sullivan, ya samu diyyar dala 500,000 saboda kurakuran da ke cikin wani talla da jaridar New York Times ta buga na goyon bayan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, ciki har da adadin lokutan da aka kama King. Kotun Ƙoli ta soke wannan diyya baki ɗaya, ta ce dole jami'in gwamnati ya tabbatar cewa da gangan aka yi masa ƙarya, ko kuma an yi watsi da gaskiya da ganganci. Wannan hukunci ne ya fi muhimmanci a wurina, domin mai mulki ba ya bukatar rufe jarida idan zai iya talauta ta da ƙarar ɓata suna.