Waƙafi shi kaɗai ba ya haɗa jimla biyu a Turanci

Malaman Turanci, don Allah a daina ce wa yara su sa waƙafi duk inda suka ja numfashi. Wannan koyarwar tana jawo wa ɗalibanmu asarar maki, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mu a Hausa muna jera aiki bayan aiki da waƙafi kawai: ya tashi, ya yi alwala, ya tafi masallaci. Lafiyayyar Hausa ce, ba mai cewa uffan. Da ita yaro ya tashi a kunnensa, sai ya shiga ɗakin jarrabawa ya rubuta "The rain stopped, we went to the farm." A wurinsa daidai ne. A daidaitaccen Turanci kuwa kuskure ne, domin kowane ɓangare cikakkiyar jimla ce mai tsayawa da ƙafarta. Ko dai ya raba su da aya, ko ya sa waƙafi mai ruwa (;), ko ya bi waƙafin da mahaɗi: "The rain stopped, so we went to the farm." Mahaɗan da ke wannan aikin guda 7 ne: and, but, or, nor, for, so, yet.

Inda har manya ke tuntuɓe shi ne however da therefore. Ba sa cikin bakwai ɗin nan. Ina ganin takardun ofis, da hatimi da sa hannu, an rubuta "We received your letter, however we cannot approve it." Waƙafi mai ruwa ake sawa kafin however, sannan waƙafi bayanta.

Idan ɓangaren ya fara da when ko because, ya zama ganga dogarau, ba ya tsayawa shi kaɗai. In ya zo a farko, waƙafi ya ishe shi.

A insha'in WAEC, maki 10 cikin 50 an ware su ne don nahawu da ƙa'idar rubutu da alamomi, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure 20 sun cinye goman kaf, ko da yaron yana da hujjoji masu kyau.

Yaran nan ba daƙiƙai ba ne, tsarin harshensu suke bi. Malam, ka rubuta jimlar Hausa a allo, ka rubuta ta Turanci a ƙasanta, ka sa yaro ya ja layi a ƙarƙashin kowace aikatau, ya nuna maka da hannunsa inda jimlar farko ta ƙare.