Hayaƙi da Dare, Bincike da Rana

Shekara uku ke nan muna kai ƙara kan hayaƙin da wata masana'anta da ke maƙwabtaka da mu take saki, kuma har yau abin da muka samu daga hukumar da aka ɗora wa alhakin kula da muhalli bai wuce takardar shaidar karɓar ƙorafi ba. Hayaƙin ba ya fitowa sai dare ya raba, lokacin da iska ta kwanta, sanyi ya danne shi ya hana shi tashi sama, sai ya bi ta tagogi ya cika mana ɗakunan barci. Da safe mukan tarar da baƙar ƙura a kan tufafin da aka shanya, yara suna tari, masu ciwon asma kuwa sun kwana a zaune.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake gudanar da binciken. Sau biyu jami'ai suka zo, duka da rana tsaka, bayan an riga an sanar da masana'antar ranar zuwansu, suka tarar da bututun hayaƙi shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, suka rubuta cewa ba su ga abin da ya saɓa wa doka ba. Da muka nemi ganin sakamakon awon iska, sai aka shaida mana cewa alƙaluman da ke hannunsu masana'antar ce take aunawa da kanta ta aika musu, wato an ba kura ajiyar nama. Ko da awon na gaskiya ne, idan aka gwama sa'o'i uku na hayaƙi mai kauri da sa'o'i 21 na iska mai dama-dama aka fitar da matsakaici, takarda za ta fito fes, alhali huhunmu ba matsakaici yake shaƙa ba.

Daga nan aka shiga yi mana jeka-ka-dawo. Ofishin muhalli ya tura mu na lafiya, na lafiya ya ce maganar masu ba da lasisi ce, su kuma suka nemi mu kawo takardar likita da ke tabbatar da cewa wannan hayaƙin ne, ba wani ba, ya haddasa ciwon. Wane likita ne zai iya sa hannu a kan haka? Illar ƙananan ɓurɓushin da ake kira PM2.5, waɗanda ke ratsa huhu su shiga jini, ba a ɓoye take ba: a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da iyakar da bai kamata matsakaicinsu na yini ya wuce ba zuwa maikirogiram 15 a kowace kyubik mita ta iska, kuma ta ƙiyasta cewa gurɓacewar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019. A Landan sai da hazon hayaƙi na Disamban 1952 ya kashe aƙalla mutum 4,000 kafin a kafa dokar tsaftace iska a 1956, kuma ina fargabar irin wannan hujjar ce ake jira mu kawo.

Ba mu ce a rufe masana'antar ba, domin akwai maƙwabtanmu da a can suke samun abin rufin asiri. Muna neman jami'i ɗaya ya zo da ƙarfe biyu na dare, ba tare da sanarwa ba, ɗauke da na'urar hukuma, ya tsaya a ƙofar gidajenmu ya auna, sannan a liƙa sakamakon inda kowa zai karanta.