Matasa masu haɗa shafin shiga, ku daina kwafar komai

'Yan uwana masu aiki da Keycloak, manhajar da ke kula da shigar masu amfani cikin wasu manhajoji, wani rumbun aiki da aka nuna mini a makon nan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kamfani ɗaya, abokan ciniki da yawa, kowanne da nasa realm, wato keɓaɓɓen sashensa a cikin Keycloak, kuma an kwafe wa kowanne dukkan fayilolin shafin shiga, daga template.ftl har login.ftl. Me aka canza a ciki? Tambari da launin maɓalli kawai! Haba jama'a.

Wanda ya ƙera manhajar nan ya riga ya sauƙaƙa muku. Ka buɗe folda a ƙarƙashin themes, ka buɗe wata folda mai suna login a cikinta, ka ajiye fayil ɗin theme.properties a ciki, ka rubuta parent=keycloak.v2 ko wani ado (theme, wato fasalin shafin) da kake son gada. CSS ɗinka ya shiga resources/css, tambari ya shiga resources/img, kalmomin da kake son sauyawa su shiga messages. Layin styles na cikin theme.properties yana maye gurbin na uwar adon ne, don haka ka lissafa fayil ɗin uwar kafin naka, in ba haka ba shafin zai fito tsirara. Idan kamfanonin na da yawa, ka yi ado ɗaya na gida, sauran su gaje shi. Idan manhaja ɗaya ce ke son fuska ta daban, akwai wurin zaɓen adon shiga a saitin manhajar kanta, ba sai an buɗe mata sabon realm ba. Adon imel dai na realm ne gaba ɗaya.

Amma ina! Kwafa ta fi daɗi. Sauri ya haifi nawa. Ranar da ka kwafi template.ftl, fayil ɗin da sauran shafuka ke ginuwa a kansa, ka daskarar da shi a zamanin da ka ɗauko shi. Gobe a sabunta Keycloak, sababbin shafukan da ba ka kwafa ba su kira registrationLayout, wato tsarin shafi da ke cikin template.ftl, da abin da tsohon fayil ɗinka bai sani ba, FreeMarker, injin da ke haɗa shafukan, ya ƙi, mai amfani ya ga shafin kuskure. Kuma ba a shafin farko abin yake fashewa ba, wanda kowa ke gwadawa. Sai a shafin sauya kalmar sirri ko na lambar OTP, inda ba wanda ya leƙa. Tun da fitowar Keycloak ta 26 a 2024 ta mai da keycloak.v2 adon shiga na asali, masu kwafa ke ta faci. Gyara ɗaya sai an maimaita shi sau adadin abokan ciniki, a manta da biyu. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Kada ma a yi maganar masu shiga sabar da ke aiki su gyara fayil da hannu, kwantenar da Keycloak ke gudana a ciki ta sake tashi aikin ya ɓace, maimakon a naɗe adon a ƙunshin fayil na JAR tare da META-INF/keycloak-themes.json a saka a foldar providers. Ga masu jawo JavaScript daga shafin wani zuwa inda mutane ke rubuta kalmar sirri. Ga masu saka ?no_esc, mai barin HTML ya wuce yadda yake, ba tare da kcSanitize mai tace shi ba don saƙo ya yi kyau. Ga mai rantsuwa cewa CSS ɗinsa ya ƙi aiki, alhali burauza ce ke riƙe da tsohon, domin Keycloak na ba ta izinin ajiye shi har kwana 30.

A da, yaro ba ya taɓa fayil sai ya karanta takardun manhaja, kuma akwai babba da zai duba aikinsa ya ce masa goge wannan. Yanzu a kalli bidiyon minti biyar, a kwafa, a tura, a sa suna injiniya a LinkedIn. Manyan ma sun daina dubawa, sun ce ba lokaci. Idan shafin ya rushe da tsakar dare, sai a kira wanda bai san hawa ba bai san sauka ba ya zo ya tono fayilolin da aka kwafa ɗaya bayan ɗaya.