Wai kala ce kawai, in ji injiniya

Yau kam an kai ni bango wallahi. Jar wutar nan ta LOS, mai nuna cewa sigina ta ɗauke, ta daɗe tana ƙiftawa a jikin akwatin intanet ɗina, duk mai amfani da faiba, wato wayar intanet mai zaren gilashi da haske ke bi ta ciki, ya san ta ba sai na ɓata bakina ba. Ka kira kamfanin intanet ɗin a ce an tura ƙorafinka, ka sake kira a sake tura shi, kuɗin wata kuma yana ta tafiya ko ka hau ko ba ka hau ba. Yau dai Allah ya yi aka turo mutum.

Ya shigo waya a kunne, ko sallamar kirki babu. Ya zare kan wayar faiba daga akwatin, ya juya shi, sai kawai ya hura masa iska da baki ya goga a rigarsa. Rigar da ya wuni yana zufa a ciki fa. Na ce Malam, ba da sifirit da ƙyalle mai tsabta ake gogewa ba? Don tsakiyar zaren da haske ke bi maikiron 9 ne kacal, silin gashin kai ya ninka shi kauri sau da yawa, ƙura ɗaya ta isa ta tare hanya. Ya sauke wayar daga kunne a hankali, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce "Alhaji, kai ne injiniyan ko ni?"

Na haɗiye. Ya datse kan, ya laluba jaka ya ciro sabo, shuɗi. Ramin akwatina kuma kore ne. Na ce Malam wannan ai ba za su hau ba, koren bakinsa a karkace aka goge shi da digiri 8, shuɗin kuma a miƙe yake, in ka haɗa su gilashin ba ya manne da ɗan'uwansa, haske ya zube, har bakin ma ya iya karcewa. Sai ya yi dariya. "Duk waya ce, kala ce kawai." Kala ce kawai! Ashe masu ƙera abin kwalliya suke yi, mu ne ba mu waye ba, sannu da ilimi.

Na tambayi mitar auna haske, don a ga ko muna kusa da -27 a ma'aunin ƙarfin haske, inda akwatin ke fara sumewa, wai batirinta ya mutu. Injin da ke narka zare biyu ya haɗe su, wanda hasken da ke zubewa a mahaɗarsa ɗan kaɗan ne in an yi aikin da kyau, wai guda ɗaya ne kuma yana hannun wasu. Ya dai cusa zaren cikin shuɗin kan nan, irin na gaggawa da ake haɗawa da hannu, ya naɗe da baƙin tef, wuta ta yi kore, kafin ya zuge jakarsa ta koma ja. Kun san me ya ce? "Ku ne kuke taɓa waya." Ni! Alhali abokan aikinsa ne tun ranar farko suka lanƙwasa ta a kusurwar ƙofa suka danne da ƙusa, abin da ko ɗan koyo ya san gilashi ba ya so. Kuma a haka ya miƙo hannu wai in biya kuɗin kan da ya sa.

Ni yaron ma bai kai kamfanin ba ni haushi ba, su suka ɗauko shi ba horo ba kayan aiki suka rataya masa kati a wuya. Su kuma ba su kai gwamnati ba. Kullum taro ake ana cika baki za a kai faiba lungu da saƙo, ana ƙirga tsawon wayar da aka shimfiɗa, ba mai zuwa ya duba yadda aka haɗa bakinta. 'Yan kwangilar titi su zo da katafila su tsinke babbar waya, unguwa guda ta yi ɗif, ba wanda aka ci tara, ba wanda ya mayar mana da ko kwana ɗaya cikin kuɗinmu. Hukumar da aka ce tana kare mu kuma sai lokacin ƙarin farashi ake jin muryarta. Mu ma da namu, kana buɗe baki za a ce haba ka yi haƙuri yaron neman abincinsa yake. To ni da aikina ya tsaya cak saboda tef ɗinsa, iska zan ci?